Dogon Hutu a Gonar Findik

Da zarar Agusta ya kama, jami'o'in Istanbul kan yi tsit. Ɗalibai 'yan ƙasa kowa ya nufi garin iyayensa, a bar mu baƙi a ɗakunan kwana. Wani abokina mai karatun digiri na uku a fannin tarihi ya ce in bi shi ƙauyensu a lardin Ordu, can gaɓar Bahar Aswad. Ya cika jaka da littattafai, da niyyar kammala babi guda na kundinsa a gida.

Ƙasar tuddai ce, kore shar, gangarenta ya zubo har bakin teku, kuma duk inda ka duba itace iri ɗaya ne: findik. Ƙwaya ce mai ɓawo, girmanta bai wuce na gujjiya ba, ita ake niƙawa a cakulan. Kusan kashi biyu cikin uku na findik ɗin duniya a Turkiyya ake noma shi, Ordu kuwa ita ce kan gaba a lardunan ƙasar. A bakin hanyar ƙauyen motoci ne jere, amma masu lamba 34 ta Istanbul sun rinjayi masu 52 ta Ordu. 'Yan gari ne da ci-rani ya kwashe, sun dawo girbi. Sauran watannin shekara tsofaffi ne ke kwana a gidajen.

Ba a shiga gona sai hukumar lardi ta sanar da rana, kuma tsayin ƙasa take bi: na bakin teku su fara, na tsakiya su biyo, na kan tudu su rufe. Gonar su abokina a tsakiya take. Bayan sallar asuba mahaifiyarsa ta ɗaura masa kwando a ƙugu, ta miƙo mini nawa. Na ce, "Teyze," wato Inna, "ban taɓa yi ba." Ta ce, "Ɗana, hannu ne ke koya, kai dai ka riƙe reshe da kyau." Aikin ke nan: ka janyo reshe, ka tsinke 'ya'yan da koren kwansonsu, ƙafa ɗaya a sama ɗaya a ƙasa saboda gangare, ga raɓa ga santsi. Buhu ya cika, a saɓa shi a baya a hau da shi bakin hanya. Abokin nawa da na saba gani a gidan adana takardun Daular Usmaniyya da ke Kağıthane, yana juya shafi a hankali, shi ne nan gaba wajen ɗaukar buhu, kuma ban ji ya yi ƙorafi ba. Ya san kuɗin hayar ɗakinsa a Istanbul daga waɗannan buhunan suke fitowa.

Da can gayya ake yi, yau gonar wannan gobe ta wancan. Yanzu hannaye sun yi ƙaranci, sai a ɗauki 'yan ƙodago daga kudu maso gabas, irin su Şanlıurfa da Diyarbakır, su zo iyali guda, wasu su kwana a tantuna, dillalin da ya kawo su ya cire kasonsa daga ladan yini. Na ga yara 'yan makaranta a cikinsu, abin ya tsaya mini a rai. Gonar da ke biya wa wani karatun digiri na uku, ita ce wani yaron ke tsinka a cikinta har Satumba ta kusa shiga.

Bayan tsinka sai shanya. A baza a fili, ido na sama, domin a wannan gaɓar hadari ba ya sallama. Da an ji yayyafi gida duka a fito a ja tamfol. Sannan injin sussuka ya zo, a sake shanyawa. Daga nan hira ɗaya ce a kowane teburin shayi: farashi. Hukumar sayen amfanin gona ta gwamnati, TMO, kan sanar da nata, 'yan kasuwa su yi nasu, kowa kuma na sauraren Ferrero, kamfanin Italiya mai yin Nutella, wanda ya fi kowa saye. Mai saye kan fasa samfuri ya auna ƙwayar. In ta kai rabin nauyin, an cika ma'auni, in ta gaza a rage kuɗi. Dattawa har yanzu suna ambaton sanyin ƙarshen Maris na 2014 da ya ƙone amfanin tuddai.

Karatun abokina sai da dare yake fitowa, amma ba ta hanyar da ya tsara ba. A 1928 Turkiyya ta bar haruffan Larabci ta koma na boko, don haka tsofaffin takardun gonaki da ke cikin akwatuna ba mai iya karanta su a ƙauyen sai shi. Wani dattijo ya shigo da tasa a naɗe cikin ƙyalle, ya ce, "Hoja," wato Malam, "duba mini inda iyakar kakanmu ta tsaya." Ya zauna ya warware masa layi bayan layi, 'yan'uwan dattijon na tsaye suna saurare, domin rabon gado ne ya haɗa su. Gonar da kaka ɗaya ya riƙe ta zama 'yan gutsattsari a hannun jikoki, ba wanda nasa zai ciyar da gida shekara.

Babin bai samu ba, kuma ban ga laifinsa a nan ba. Abin da ya fi damunsa shi ne maganar da mahaifinsa ya ɗauko ana ɗinke bakin buhuna: gwiwoyinsa sun daina ɗaukar gangare, ƙanwar abokina ta yi aure a Bursa, shi kuma in ya gama, duk jami'ar da ta ba shi aiki can zai tafi. Ko dai a ba wani ɗan'uwa gonar ya riƙa nomawa ana raba amfani, ko a sayar. Abokina ya roƙi a ƙara masa girbi biyu kafin a yanke shawara. Mahaifin ya amince da ɗaya, da sharaɗin baɗi ya iso tun Yuli ya share ciyawar ƙarƙashin itatuwan.