A karar Birnin Gwari, ni da Hananiya

Shekara huɗu ban bi hanyar Birnin Gwari ba. A 2021 ne 'yan bindiga suka tare motar da ƙanin matata yake ciki, gaba kaɗan da Buruku, suka shige daji da shi. Sai da muka sayar da gonar gado kafin ya dawo bayan wata biyu, ƙafafunsa duk gyambo. Saboda haka ranar da na shiga mota a tashar Mando da ke Kaduna cikin hunturun da ya wuce, gabana faɗuwa yake yi. Direba ya yi bisimilla, ni ma na sunkuyar da kai na yi tawa addu'ar.

Tafiyar kimanin kilomita 120 ce. Da muka wuce Udawa muka doshi Kuriga, inda aka kwashe 'yan makaranta a watan Maris na 2024, sai motar ta yi tsit. Hagu da dama itatuwan doka ne da kaɗanya, dajin da ya miƙe har Kamuku, wanda aka mayar gandun daji na ƙasa a 1999, ya zarce Kuyambana ta Zamfara. Amma na ga buhunan masara jibge a bakin titi, alamar manoma sun koma gonakinsu.

Tun Nuwamban 2024, da Gwamna Uba Sani ya karɓi tubabbun 'yan bindiga, aka sake buɗe karar shanun garin bayan ta shafe shekaru a rufe. Mai masaukina, dattijo ne a wata ƙaramar majami'a, shi ya kai ni. Muna cikin kewayawa ya taɓa ni, ya nuna wani saurayi riƙe da igiyar bijimi, ya ce a hankali, “Wancan daga daji ya fito.” Yaron ya gaishe ni da ladabi. Na kau da kai.

Al'adata ce kowane dare in karanta wani sashe na Littafi Mai Tsarki, in auna yinin da na yi da shi. Daren nan na buɗe Ayyukan Manzanni sura 9, labarin Hananiya na Dimashƙu, wanda Ubangiji ya aika wurin Shawulu, mutumin da ya zo garin don kama masu bi. Hananiya bai tashi nan take ba. Sai da ya kawo uzuri, ya ambaci irin ɓarnar da mutumin ya yi a Urushalima. Daga baya ya je, ya ɗora masa hannu, ya kira shi ɗan'uwa. Na ji sanyi da Littafin bai ɓoye tsoronsa ba, na kuma ji kunya, domin ni ko amsa gaisuwa na kasa.

Sai dai ban yarda da masu cewa a yafe a rufe maganar ba, ko da daga kan bagade suka faɗa. A Luka sura 19 akwai Zakka, mai karɓar haraji a Yariko (sunansa ke nan, ba zakkar da 'yan'uwanmu Musulmi ke fitarwa ba). Da ya tuba, da bakinsa ya yi alkawarin bai wa matalauta rabin dukiyarsa, ya kuma mayar wa duk wanda ya cuta ninki huɗu. Gafara an ɗora mini ita, ba ni da hanyar zillewa. Mayar da haƙƙi kuwa yana wuyan wanda ya tuba, da hukumar da ta karɓi tubansa. Har yau ba wanda ya yi mana zancen gonarmu, balle matan Gwaska da aka kashe wa mutum fiye da 40 a watan Mayun 2018.

Kafin in bar garin na sake cin karo da yaron a wurin mai shayi. Wannan karon ni na fara miƙa hannu, ya ce, “Sannu, Baba.” Da na koma Kaduna na ba ƙanin matata labari. Ya daɗe yana kallon ƙasa, sannan ya tambaye ni nawa ake sayar da buhun masara a can.