ABUJA: INA BAKAN DA YA TSARE GARI YA SHIGA?

Matafiyin da ya taso daga Kaduna ya nufi Birnin Tarayya, da zarar ya wuce Sabon Wuse da mararrabar Dikko, abin da zai fara cika masa ido shi ne Dutsen Zuma, wanda hotonsa ke jikin takardar naira 100. Galibin fasinjoji sukan leƙa ta taga su dube shi, daga nan mota ta gangara Madalla ta faɗa cunkoson Zuba, magana kuma ta koma kan kuɗin mota da zafin rana. Kaɗan ne ke tuna cewa wannan ƙasa mai duwatsu da kurmi, wadda ake ratsawa cikin minti ashirin, ita ce ta gagari mahaya dawakin Zariya shekara da shekaru, kuma babban makamin da ya tsare ta bai wuce itace guda da tsirkiya da kyauro ba, watau kwari da baka.

Labarin ya faro ne daga zamanin jihadi. Sa'ad da Malam Musa ya karɓo tuta ya ci birnin Zariya, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yiwo kudu da jama'arsa ya sauka a Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari, mutanen da suke kiran kansu Gbagyi. Makau ya rasu a fagen fama wajen Lapai a 1825. Ƙanensa Abubakar, wanda ake kira Abu Ja saboda hasken fatarsa, shi ya gaje shi, a 1828 kuma ya kafa sabon gari a bakin kogin Iku ya kewaye shi da ganuwa. Sunansa garin ya ci, aka ce Abuja. Bayansa aka yi Abu Kwaka, sa'an nan Ibrahim Iyalai da ake wa laƙabi da Dodon Gwari, wanda a zamaninsa Sarkin Zazzau Yero, mai rundunar 'yan bindiga, ya kawo wa garin yaƙi ya koma bai ci ba. Ba a shiga Abuja da ƙarfi ba sai da Turawa suka zo a 1902.

Dalilin wannan gagara ba boyayye ba ne ga wanda ya dubi ƙasar da idon basira. Doki da lifidi da sulke kayan fili ne. A cikin kwazazzabai da duhuwar itatuwa, inda ƙudan tsando ke kashe dabba tun ba a kai ga abokan gaba ba, barde ba shi da wata fa'ida a kan ɗan baka da ya laɓe bayan dutse. Ko a fili ma baka ya taɓa nuna kansa, domin a Tabkin Kwatto a 1804 'yan bakan jama'ar Shehu Usmanu ne suka karya dawakin Gobir. Ashe ke nan makami ɗaya ne ya buɗe wa jihadi hanya a arewa, ya kuma tare masa hanya a nan kudu.

Kibiyar wannan ƙasa ta sha bamban da wadda ake gani a majigi. Jikinta kyauro ne marar nauyi, ba a sa mata gashin tsuntsu a gindi, bakinta kuwa ƙarfe ne na maƙeri mai kunnuwa, wanda in ya shiga nama ba ya fita ta daɗi. Ƙarfinta ba a nisan zango yake ba, a dafi yake, wanda akan dafa daga 'ya'yan kwankwani a gauraya da wasu abubuwan da kowane gida ke ɓoye sirrinsu. Saboda haka maharbi bai damu ƙwarai da ya sami tsakiyar ƙirji ba, ƙwarzane ma ya isa. Watakila daga nan ne Bahaushe ya ce harbi a wutsiya ya fi kuskure. Har yanzu sarautar Sarkin Baka tana nan a fadoji da yawa na ƙasar Hausa, shi ne shugaban maharba, ko da yake yawancin mutanensa sun daɗe da komawa ga bindigar toka.

A ran 3 ga Fabrairu 1976 gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta zartar da dokar kafa sabon babban birni a tsakiyar ƙasa, bisa shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda. Sabon birnin ya ɗauke sunan Abuja, tsohon garin kuma ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau, ya zauna cikin Jihar Neja. Gwamnati ta tare a ran 12 ga Disamba 1991. Ƙauyukan Gwari da dama aka tashe su, mutanen Wuse alal misali aka kai su can bakin hanyar Kaduna. Suna ya ƙaura, ma'aikatu sun ƙaura, har sunan dutsen da fadar shugaban ƙasa ke gindinsa, watau Aso, kalmar Gwari ce da ake fassarawa da nasara. Baka dai ba wanda ya tuna da shi a cikin kayan ƙaura.

Daga Zuba, in matafiyi ya bi babbar hanya ya shiga gari ya zagayo wajen Ƙofar Birni a kan hanyar filin jirgin sama, zai tarar da babban filin wasa na ƙasa, mai cin mutum 60,000 da 'yan kai. An gina shi ne domin Wasannin Afirka karo na 8 da aka yi a watan Oktoba 2003, a 2019 kuma aka sa masa sunan Moshood Abiola. A wancan taro na 2003 an yi guje-guje da tsalle-tsalle, an yi ƙwallo da dambe da kokawa da tseren keke, amma ba a ɗana kibiya ko ɗaya ba, domin harbin kibiya bai shiga jerin Wasannin Afirka ba sai a 2019 a Rabat ta ƙasar Maroko.

Ba wai babu masu wasan a Abuja ba ne. Akwai hukumar harbin kibiya ta ƙasa, akwai kuma 'yan ƙungiyoyi da kan taru a ƙarshen mako, yawancinsu ma'aikata da ɗalibai da 'ya'yan masu hali. Sai dai bakan da ke hannunsu baƙo ne. Daga ƙasashen waje ake sayo shi da kuɗi masu tsoka, an ƙera shi da ƙarfe da roba, yana da ma'aunin saiti da sanduna masu hana shi rawa, wani ma har da 'yan ƙafafu kamar na injin ɗinki. Irin wanda ake shiga gasar Olamfik da shi, maharbi kan tsaya mita 70 daga allo mai faɗin santimita 122, mai da'ira goma, ta tsakiya ruwan ɗorawa. A karon ƙarshe mutum biyu ne ke fuskantar juna, kowa kibiya uku a zagaye, wanda ya ci zagaye ya sami maki 2, wanda ya fara kai maki 6 ya ɗauki lambar. In aka yi kunnen doki sai a ba kowa kibiya ɗaya tak, wadda ta fi kusa da tsakiya ita ce ta raba gardama. Mutanen Koriya ta Kudu su ne gwanayen wannan fage, matansu sun ci zinariyar ƙungiya sau goma a jere daga 1988 zuwa 2024. A gasar Faris ta 2024 maƙwabciyarmu Chadi ta tura maharbinta Israel Madaye, ya kara da zakaran Koriya Kim Woo-jin ya sha kaye, har wata kibiyarsa ta ci maki 1 kacal, amma duk da haka sunan ƙasarsa ya fito a allo. Na Nijeriya bai fito ba.

To, abin da ya kamata hukumomin wasanni na Birnin Tarayya su lura da shi, shi ne duniya ba ta yar da bakan itace ba. Ingilishi suna da nasu dogon baka, mai tsawon mutum, wanda suka ci Faransawa da shi a Crécy a 1346 da Agincourt a 1415. A 1363 Sarki Edward na Uku ya wajabta wa mazaje koyon harbi a ranakun Lahadi da na hutu. Da bindiga ta zo ta kore shi daga fagen yaƙi, sai suka mai da shi abin wasa. A ƙauyen Scorton na lardin Yorkshire aka fara wata gasa a 1673 wadda har yanzu ake yi: ana harbi daga nisan yadi 100, wanda ya fara samun ɗan baƙin ɗigon da ke tsakiyar allo shi ne gwanin shekara, shi ne kuma zai shirya taron baɗi. A 1951 suka kafa ƙungiya ta musamman don kada dogon bakan ya ɓace.

Daɗin daɗawa, hukumar harbin kibiya ta duniya tana da rukuni na dogon baka, kuma dokokinsa kamar da maharban Bwari da Kwali aka tsara su. Ba a yarda da ma'aunin saiti ba, kibiya kuma dole ta zama ta itace. Bakan namiji kada ya gaza santimita 160, na mace 150. A irin gasar da ake yi cikin daji, ana dasa gumakan dabbobi na soso a tsakanin itatuwa, wani a kan tudu wani a kwari, ba a gaya wa maharbi nisansu, sai dai an san ba za su wuce mita 30 ba. Shi zai auna da idonsa, ya yi bara, ya saki. Maki kuwa 11 ne ko 10 ko 8 ko 5, gwargwadon kusancin kibiya da inda zuciyar dabba take. Duk wanda ya taɓa bin sawun gada a gindin duwatsun Ushafa ya san wannan aiki tun yana yaro. Abin da zai sauya kaɗan ne: a cire kunnuwa da dafi, a ƙara gashin tsuntsu, a sassaƙa bakan ya kai ƙa'ida.

Ko a cikin gida akwai abin koyi. A bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka fara a 1934, harbin kibiya yana cikin wasannin da akan yi tare da kokawa da dambe da tseren kwalekwale. Nan kusa ma, sana'ar tukwane ta nuna abin da gata ke yi. Da Bature Michael Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a tsohuwar Abuja a farkon shekarun 1950, Ladi Kwali ta shiga a 1954 da fasahar da ta koya a ƙauyensu, ta kai ta har Ingila da Amurka, yau ga hotonta a bayan takardar naira 20. Tukunyar Gwari ta sami makaranta da malami da kasuwa. Mai sassaƙa baka da maƙerin kibiya ba su sami ko rumfa ba, kuma sana'ar da ba a rubuta ba, ranar da tsoho ya kwanta dama bai bar almajiri ba, ta tafi ke nan. Dajin da ake farauta a cikinsa ma yana ta komawa filaye da gidaje, wanda ya rage kuwa ya zama abin tsoro, kamar yadda mutanen yankin Bwari suka gani a ƙarshen 2023 da farkon 2024, lokacin da masu satar mutane suka addabe su da bindigogin da baka ba zai iya tunkara ba.

Amma fa bakan bai bar Abuja ɗungurungum ba. Wanda ya fita bayan sallar lisha ya zaga unguwannin da ake sababbin gine-gine a bayan Kubwa ko Lugbe, ba zai rasa ganinsa ba. Ga mai gadi zaune kan benci bakin tarin bulo da buhunan siminti, ga tocila da 'yar rediyo, ga kwari rataye a ƙusa, baka kuma jingine da bango, tsirkiyarsa ta yi baƙi don shan hannu.