Kifin da Muke Ci a Minna, Daga Ina Yake?



Mu mutanen Minna muna nesa da teku, amma kifinsa ba ya yankewa a tukwanenmu. A Kasuwar Kure akwai titus da panla na ƙanƙara, waɗanda galibi daga ƙasashen waje ake shigo da su. Bonga mai banda kuwa daga gaɓar tekunmu take zuwa, gaɓar da ta kai kusan kilomita 850.

Bonga tana son bakin kogi, wurin da ruwan daɗi ke gauraya da na gishiri. A irin wannan wuri ƙananan kifaye da jatan lande ke fakewa cikin saiwoyin itatuwa har su girma. Kogin Neja da ke cika madatsun Kainji da Jebba shi ne ke gangarawa can Neja Delta. Kogin Kaduna na Shiroro ma cikinsa yake zubawa. Ke nan dattin da muka zuba a ruwanmu ba a nan yake tsayawa ba.

Namu na gida kuma ga tarwaɗa, ƙarfasa, giwan ruwa, ƙurungu, yauni, gaiwa da minjirya. Yawancin yaranmu tarwaɗar kandami kawai suka sani.

Muna roƙon masuntanmu su guji zuba guba a ruwa da amfani da raga mai ƙananan ido, domin wanda ya kwashe 'ya'yan kifi bana me zai kama baɗi? Dattawanmu kuma su taimaka mana da sunayen kifayen da suka sani, mu rubuta mu adana wa na baya.

Allah Ya albarkaci ruwayenmu, amin.