Jitar jazz da gajerun yatsu

Wata shida munka yi muna kokowa da wata ƙatuwar jitar jazz ta hannu. Yatsunmu gajeru, kullum dare wuyan hannu na zogi, har munka kusa aje kiɗan. Ashe tsawon tsirkiya ne matsalar: Fender Stratocaster kusan santimita 65, Gibson ES-175 kusan 63, Byrdland kuwa ba ta cika 60 ba. Wallahi yatsa na jin wannan ɗan bambanci! Yanzu kafin mu biya, sai mun zauna mun rungume ta, mun danna can kusa da kai, inda tazara ta fi faɗi. In ƙaramin yatsa bai kai ba sai da murɗa kafaɗa, mai shago ya riƙe abarsa, kome kyanta.