Ɗanɗanon da Oracle da Microsoft ke bayarwa kyauta

Duk shafin intanet da ake rajistar ɗalibai ko duba sakamakon jarrabawa a kansa, abubuwa biyu ne ke riƙe da shi. Na farko shi ne uwar garken manhaja, irin su Tomcat ko IIS, wadda ke karɓar buƙatar mai ziyara ta sarrafa ta. Na biyu shi ne rumbun bayanai, inda ake adana sunaye da maki da kuɗin da aka biya. A shekarun da na yi ina duba aikin ɗaliban ajin ƙarshe a sashen kwamfuta, tambayar da aka fi yi mini ita ce: "Malam, tunda Oracle da Microsoft suna da rumbu na kyauta, me zai hana mu ɗora aikinmu a kai?"

Babu abin da zai hana, amma ya kamata a san irin kyautar. Microsoft ya fitar da SQL Server Express a 2005, da sharaɗin kada rumbu ya wuce gigabait 4, sannan ya ɗaga iyakar zuwa 10 a 2010. Oracle XE ma da gigabait 4 ya fara, ya koma 11, daga baya 12, tare da ƙayyade ƙwaƙwalwar aiki a gigabait 2. IBM kuwa, da ya kawo DB2 Express-C a 2006, bai ƙayyade girman bayanai ba, ƙarfin injin ya taƙaita. Duk wannan ɗanɗano ne irin na mai kilishi: ba rowa ya yi maka ba, amma ya san abin da yake jira.

Ɗalibaina sun fi jin tsoron iyakar girma, alhali ita ce mafi sauƙin sha'ani. Sunaye da lambobi ba su cin wuri. Makarantar sakandare za ta yi shekaru ba ta cika gigabait 10 ba. Abin da ke cika rumbu da wuri shi ne cusa hotunan fasfo da takardun shaida a cikinsa, maimakon a ajiye su a faifai a rubuta adireshinsu kawai. Idan kuma ya cika, ba ya yin gargaɗi cikin ladabi, ƙin karɓar sabon bayani yake yi, ko da a tsakiyar rajista ne.

Iyakar ƙwaƙwalwa ta fi wannan dabara. Uwar garke takan buɗe hanyoyin sadarwa da rumbu ta ajiye su a shirye, domin buɗe sabuwa ga kowane baƙo yana cin lokaci. To, a Oracle kowace hanya tana da rabonta na ƙwaƙwalwa. Ɗalibin da ya sa ɗari biyu, wai don shafinsa ya yi sauri, shi ne zai ga ya tsaya cik ranar da jama'a suka yi yawa. Kaɗan da ake mayarwa da zarar an gama aiki da su sun fi amfani. Haka nan SQL Server Express ba ya zuwa da manhajar da ke tsara ayyuka bisa lokaci, don haka kwafin ajiya na kowane dare sai mutum ya haɗa shi da kansa. A ƙasar da wutar lantarki ke ɗaukewa ba sallama, wannan ba ƙaramin gibi ba ne. Oracle XE kuwa ba a ba shi facin tsaro, kuma ba ka da wanda za ka kira idan ya ɓaci.

Amma abin da ya fi damuna shi ne harshe. Oracle yana da PL/SQL, Microsoft yana da T-SQL, kuma kowanne yana da daɗin aiki. Matashi zai rubuta lissafin maki da na kuɗin makaranta gaba ɗaya cikin harshen kamfani guda. Bayan shekara uku makarantar ta bunƙasa, kyauta ta daina isa, sai a tarar ƙaura na nufin sake rubuta komai, zama kuma na nufin sayen lasisi da ake lissafawa da dala bisa yawan kawunan injin. Wanda ya ga yadda naira ta faɗi tun daga watan Yunin 2023 ya san abin da hakan ke nufi ga mai makaranta a Zariya ko Gusau.

Saboda haka nakan raba shawarata biyu. Wanda ke neman aiki a banki ko kamfanin sadarwa, ya girka Oracle na kyauta ya ƙware a kai, domin zai same shi a can. Wanda kuma zai gina wa asibiti ko ƙungiyar adashe abin da za ta dogara da shi, ya fara duba PostgreSQL ko MariaDB, waɗanda lasisinsu bai sa iyaka ba. Idan mai aiki ya dage sai na kamfani, to a bar lissafi da dokokin aiki a ɓangaren uwar garke, a yi wa rumbu magana da SQL na gama-gari, sannan a rubuta wa mai aikin iyakokin nan a takarda tun kafin ya biya kuɗin somin-taɓi.