Labarinta ne, ba namu ba

A watan Fabrairun 2021, lokacin da rikici ya ɓarke a kasuwar Sasa da ke ƙaramar hukumar Akinyele, aka ƙona rumfuna da gidaje, mutane da dama suka gudo wurin 'yan'uwa a nan Sabo. Mu matasan unguwa muka tashi neman taimako: abinci, tabarmi, da kuɗin mota ga masu son komawa Arewa.

Wani a cikinmu ya ce jama'a ba sa buɗe aljihu sai sun gani da ido. Sai muka ɗauki bidiyon wata baiwar Allah mai sayar da abinci, da goyo a bayanta, tana kuka tana faɗin yadda jarinta ya ƙone. Mun tambaye ta? E, mun ce, "Inna, mu ɗauka?" Ta ɗaga kai. Muka watsa a WhatsApp da Facebook, kuɗi kuwa suka shigo.

Bayan 'yan makonni ta same mu a ƙofar masallaci. Ta ce, "'Ya'yana, abin nan ya kai har garinmu. Surukaina na cewa bara nake yi a Kudu. Don Allah ku cire." Muka goge namu nan take, amma wa zai bi wayoyin mutane ɗaya bayan ɗaya? Magana zarar bunu ce.

Ranar muka gane kuskurenmu. Wanda ya kwana da yunwa, ga ka riƙe da mudun shinkafa, ba zai iya ce maka a'a ba. Ɗaga kan da ta yi ba izini ba ne, kunya ce da buƙata.

Tun daga nan muka sauya. Taimako muke fara bayarwa, ko mutum ya yarda a ɗauke shi ko bai yarda ba. Sai ya natsu mu faɗa masa inda labarin zai je, da cewa in ya fita ba ya dawowa. In ya so, a ɓoye fuska da suna. Yara kuwa ba ma ɗaukarsu sam.

Wasu na cewa gudummawa za ta ragu. Ta yiwu. Amma wuta ta riga ta ci dukiyar matar nan. Abin da ya rage mata shi ne rufin asiri, kuma mu da muka zo taimako muka yaye shi. Mun nemi gafararta, ta ce ta yafe. Allah Ya yafe mana.