Bashin ƴan uwa ke cinye jarin ƴan kasuwar Arewa



Daga Dogon Dutsi zuwa Matankari, daga Tibiri zuwa Kore Mairuwa, kowa ya san labarin. Yaro ya yi shekaru yana wahala a Legas ko Abijan, ya dawo da ɗan jarinsa ya buɗe shago. Wata shida ba a cika ba, kanta ta koma wayam. In ka tambaya, sai a ce kasuwa ce ba ta ci. Amma buɗe littafinsa ka gani: sunan kawu, sunan gwaggo, sunan abokin wasa. Kowa ya ɗauki shinkafa da mai ya ce "rubuta, in an yi girbi na biya." Girbi ya zo ya wuce. In ya yi magana, a ce kuɗi sun sa shi raina manya.

Gaskiya ne, akwai wahalar da ba mu muka jawo ta ba. Najeriya ta rufe iyaka a watan Agustan 2019, aka sake rufe ta bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kaya suka yi tsada, ƴan kasuwarmu suka ji jiki. To wanda ke fama da wannan, ina zai kai da bashin gida?

Abin koyi yana cikin gidajenmu. Tun 1991 ƙungiyar CARE ta fara tsarin Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi, kuma daga Nijar ya bazu zuwa ƙasashe da yawa. Mata na haɗuwa duk mako, kowace ta zuba abin da aka yanke, ko da dala ashirin ce. Mai son jari ta ara a gaban kowa, a sa mata ranar biya. Wadda ta makara ta biya tara, ko ƴar sarki ce. Da haka mai ƙuli-ƙuli ke sayen gyaɗa, mai kiwo ta ɗaure tunkiya. Zumuncinsu bai lalace ba, don ƙa'ida ɗaya ce a kan kowa.

Mu maza hwa? Masu shago, teloli da ƴan kabu-kabu za su iya kafa irin wannan asusu a kowace unguwa. Manoman dankalin turawa na Dutsi kuwa, da ke fitar da kaya lokaci guda farashi ya faɗi, in suna da asusu ba sai sun sayar da gaggawa don biyan bashin iri ba.

Kafin nan, wanda ya san sunansa na cikin littafin wani ɗan uwa, ya je ya rage ko da jika guda. In za mu saya, mu fara da shagon na gida, da kuɗi a hannu.

Allah ya sa albarka a neman kowa, ya ba mu damina mai kyau.